Fada da rukunin WhatsApp

A unguwarmu a Tawa muna da majalisa biyu, kuma mutanen cikinsu kusan ɗaya ne. Ta farko fadarmu ce ta gindin bedi, da tabarma da butar shayi a kan gawayi. Ta biyu rukunin WhatsApp ne da muka buɗe saboda ƴan uwanmu da suka tafi biɗa.

Ba zan raina rukunin ba. Ɗan Adar, wato ɗan yankinmu na Tawa, ya san tafiya: wani na Abijan, wani na Libiya, wani na Legas. Da can sai a shekara ba a ji ɗuriyar mutum ba. Yanzu saƙon murya ɗaya ya isa, ko wanda bai yi boko ba yana iya aikawa. Ta nan muke haɗa gudunmawar suna da biki.

Amma fada tana da abin da waya ba ta ɗauka. Shayi zagaye uku ne, daga mai ɗaci zuwa mai zaƙi, kuma ba ya dahuwa da gaggawa. A cikin wannan jiran ne ake gane wanda ke cikin damuwa, tun bai buɗe baki ba. A rukuni kuwa kowa "lafiya lau" yake rubutawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wayar ta biyo mu har kan tabarma. Jiya mu shida ne a fada, kowa ya sunkuya. Abokina Isufu, da mahaifinsa ke kwance asibiti, ya sha na farko ya tashi, ba wanda ya ce masa ya mai jiki. Sai da dare na taka har gidansu.