Shagon masaƙan Kusko: a fara da shi kafin a shiga kasuwa

Duk wanda ya isa birnin Kusko na ƙasar Peru, tsohuwar fadar daular Inka da ke kan tsaunuka masu tsayin kusan mita 3,400, zai tarar da kayan saƙa jibge a kowane lungu, kowane mai talla kuma yana rantsuwa cewa nasa gashin alfaka ne tsantsa, wato wata dabba dangin raƙumi mai laushin gashi. Shawarata ita ce kada baƙo ya ciro ko sol ɗaya, wato kuɗin ƙasar, daga aljihunsa sai ya leƙa Centro de Textiles Tradicionales del Cusco, cibiyar saƙar gargajiya da ke kan titin El Sol, kusa da Korikanca, tsohon ɗakin bautar rana na Inka.

An kafa cibiyar a shekarar 1996 a ƙarƙashin jagorancin Nilda Callañaupa Alvarez, masaƙiya 'yar garin Cincero, a lokacin da zaren roba da rinin kanti suka kusa binne fasahar kakanni. Yau tana aiki da al'ummomi 10 na masu magana da harshen Kecuwa, kuma wurin ya haɗa shago da ɗan ƙaramin gidan tarihi.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne masaƙan da ke aiki a gaban jama'a. Mace za ta ɗaure bakin zaren a jikin ginshiƙi, ta zagaya ɗaya bakin a ƙugunta da ɗamara, ta yadda jikinta ne ke ɗame zaren ko ya sassauta shi, sannan ta riƙa tsinto zare ɗaya bayan ɗaya da yatsu, ba takarda ba zane a gabanta, domin adon yana cikin kanta tun tana yarinya. Jan launin nan mai ɗaukar ido daga wani ƙwaro ake samunsa, kocinil, wanda ke rayuwa a jikin wani tsiro mai ƙaya. Ana busar da shi a niƙa, kuma ɗigon lemun tsami kaɗai na iya karkata shi zuwa ruwan goro. Kore daga ganyen cilka yake fitowa, rawaya kuma daga furen kolle. Da mutum ya ga wannan, sai ya fahimci dalilin da ya sa sarakunan Inka suke ba da tufa mai daraja, wadda ake kira kumbi, a matsayin babbar kyauta, har suna ƙona ta a wurin hadaya.

Kayan suna da tsada, babu ɓoye-ɓoye, kuma wanda ya saba da ciniki zai ji nauyin farashin. Amma mayafin liklla guda yana cin makonni tsakanin kaɗi da rini da saƙa, kuma kowane kaya yana ɗauke da 'yar takarda mai sunan wanda ya saƙa shi da ƙauyensa. Wannan 'yar takarda ta fi komai tasiri a zuciyata, domin ta mayar wa aikin da mai shi. Wanda kuɗinsa bai kai mayafi ba, ɗamarar cumpi ta wadatar, aikinta bai gaza ba ko kaɗan.

Mai sauran kwanaki ya ƙarasa Cincero, inda ake wanke ulu da saiwar sakta, ya kuma tafi da rigar sanyi, don garin ya fi Kusko tsayi.