Amfilifayar Yamaha RX-V373 da na haɗa da dikoda: sai da na gyara saiti sifikun baya suka yi magana

Wata uku kenan da na ɗauko wannan amfilifaya a Sabon Gari nan Kano, tokumbo ce, da sifika biyar da ufa ɗaya, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Abin da ya kai ni sayenta ƙwallo ne kawai, ina so in zauna a falo in ji ihun 'yan kallo ta bayana kamar ina cikin fili.

Ranar farko wallahi raina ya ɓaci. Na jona komai, na kunna, sai sifiku biyu na gaba kaɗai ke magana, na baya shiru kamar an ɗauke musu wuta. Har na fara shirin mayar wa mai shagon kayansa, sai ƙanena da ya saba da harkar sauti ya zo ya ce Yaya tsaya tukuna, mu ga dikodar. Ashe matsalar daga can take. Da jar waya da fara na haɗa su, wannan kuwa hanya biyu kawai take ɗauka, hagu da dama, ko me tashar ta turo. Muka cire muka sa HDMI daga dikoda zuwa amfilifaya, daga nan zuwa talabijin. Sannan ya shiga menu wajen Digital Audio Out ya tarar yana kan LPCM, ya mayar da shi BS Out, wasu dikodojin Bitstream suke rubutawa ko RAW. LPCM ɗin nan dikodar ce ke matse sautin ya koma hanya biyu kafin ta fitar, shi kuwa ɗayan tana miƙa shi yadda ya zo amfilifaya ta warware da kanta. Da muka shiga wata tasha mai Dolby Digital sai ga rubutun ya fito a fuskar amfilifayar, sifiku biyar duk suka ɗauka.

To amma fa yawancin tashoshin da muke kallo sitiriyo ne zalla, wato hanya biyu, babu wani 5.1 (sauti mai hanya biyar da ta ufa) a ciki, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina. Akwai maɓalli a rimot da ake kira SUR. DECODE, in ka danna ka zaɓi Pro Logic II (PLII a taƙaice), fasahar Dolby ce tun shekarar 2000, sai ta raba hanya biyun nan zuwa biyar. Duk sautin da ya zo daidai a hagu da dama, kamar muryar mai sharhi, sai ta kai shi sifikar tsakiya, shi kuma na gefe-gefe irin hayaniyar fili da amon waƙa ta tura baya. Daren da na fara kallon wasa da shi, aka ci ƙwallo, ɗana ƙarami da ke kwance a kafet ya ɗago ya waiga bayan kujera yana neman masu ihun, har yanzu in na tuna sai na ji daɗi.

Ga fim PLII Movie nake sawa, magana tana fita tas ko da fanka na gudu. Ga waƙa PLII Music ya fi. Akwai kuma 5ch Stereo, wannan sauti iri ɗaya yake watsawa gaba da baya, ya yi kyau in ana taro a gida amma ga kallo ban so shi ba sam, muryar mai labarai na fito maka ta ƙeya.

Wani abu da ya ɗan wahalar da ni, wata tasha komai sai ya taru a sifikar tsakiya, ashe maɓallin Audio na rimot ɗin dikoda yara suka danna ya koma Left, da na mayar Stereo shikenan. In kuma tashar mono, wato hanya ɗaya tak, take turowa daga can to haƙuri, babu abin da za a raba.

Mai niyyar saye ya duba bayanta da kyau kafin ya biya. Tawa ta Amurka ce, 120V aka rubuta, mu kuma wutarmu ta ninka haka, mai shagon bai ce min komai ba, Allah ya taimake ni na karanta kafin in jona, sai da na ƙara kuɗin tiransifoma. Kuma ƙaramin makirfon da ake auna ɗaki da shi bai zo a ciki ba, da hannu na sa nisan kowace sifika, da tef ɗin awo da na aro wajen tela. Na baya na ƙara musu ƙarfi kaɗan don sun fi nisa da kujera.

Gaskiya ba ta kai ainihin 5.1 ba in sitiriyo take rabawa, in ka ji su a jere za ka gane bambanci. Amma ni dai tun da na saita ta ban sake buɗe sifikar talabijin ba, kuma da za a ce in sake saye ita zan ɗauka, sai dai wannan karon mai 220V zan nema.