Kind of Blue ko A Love Supreme: da wanne za ka fara?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kana son shiga sauraron jaz da gaske, duk inda ka duba faifai biyu ake ta ambata maka, Kind of Blue na Miles Davis da A Love Supreme na John Coltrane, kana so ka san bambancinsu da kuma wanda ya kamata ka fara da shi. Na bari sai da safe don in sake jin su a jere kafin in ba ka amsa.

Abin da zai sauƙaƙa maka kwatancen shi ne mutum ɗaya yana cikin duka biyun. Coltrane ne ke busa babban saksafon a faifan Miles na 1959, a matsayin yaron gida. Shekara biyar da 'yan watanni bayan haka ya shiga ɗakin ɗauka da nasa mutanen, shi ne maigida. Sa'o'in juna ne kuwa, dukansu haihuwar 1926. In ka bi sautin Coltrane daga na farko zuwa na biyu, rabin amsar tana hannunka.

An ɗauki Kind of Blue a zama biyu, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a ɗakin ɗaukar kamfanin Columbia da ke Titi na 30 a New York. Tsohon coci ne aka mayar, mai dogon rufi, shi ya sa za ka ji sautin yana da fili, kamar kana iya nuna inda kowa yake tsaye. Miles na kan ƙaho, Coltrane da Cannonball Adderley na kan saksafon, Bill Evans a fiyano, Jimmy Cobb a ganguna, Paul Chambers kuma yana riƙe da bes, wato ƙaton gogen nan da ake jinginawa a ƙasa ana kaɗa tsirkiyarsa da yatsa. Wynton Kelly ya karɓi fiyano a kiɗa ɗaya tak, Freddie Freeloader. Kiɗa biyar ne, wajen minti 45, ya fito kasuwa a watan Agusta.

Kafin wannan lokaci, salon da ake ji da shi shi ne bibop, wanda su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka kafa. A can haɗin sautin da fiyano ke bugawa yana sauyawa kusan kowane bugu biyu, mai busa kuma dole ya bi shi da gudu, kamar mai ratsa kasuwa ranar cinta yana kauce wa kaya. Miles ya taso a cikin wannan, ya yi aiki da Parker, ya ƙoshi da shi. Abin da ya kawo ɗakin ɗauka a 1959 shi ne 'yan tsare-tsare gajeru, ya ce wa mutanensa ga tsanin sauti ɗaya, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, ku zauna a kansa ku faɗi abin da ke ranku. Wani mai nazarin kiɗa, George Russell, ya riga ya rubuta tunani irin wannan tun 1953, Evans ma ya yi aiki da shi. A So What, kiɗan farko, gaɓa 32 ce ke zagayawa, kowace gaɓa bugu huɗu: 16 a kan tsani ɗaya, 8 a ɗaga rabin taki, 8 a dawo. Shi ke nan. Sauran duk daga kan masu busa yake fitowa nan take.

Ka sa kunne sosai a minti biyu na farkon So What. Evans da Chambers za su fara lalube a hankali, kamar ana neman ƙofa cikin duhu. Sai bes ya yi kira, fiyano ya amsa da sauti biyu, daga baya masu busa su shigo cikin amshin. Duk wanda ya saba jin makaɗi da 'yan amshinsa zai gane wannan tsari ba sai an yi masa bayani ba. Wajen minti ɗaya da rabi Cobb zai doki farantin tagulla sau ɗaya, ƙarar ta bazu ta daɗe tana sauka, Miles ya shigo ta ƙarƙashinta. Busarsa ba gaggawa. Yakan faɗi 'yar magana, ya yi shiru, ya bar bes yana tafiya, sannan ya ƙara. Na kai ga iya rera wannan busa da baki daga farko har ƙarshe, kuma ba ni kaɗai ba ne, abu ne da ke zama a kai. Da ya gama sai Coltrane ya karɓa, nan take iska ta canza: sauti mai kauri, yana cika kowane gurbi, yana juya magana ɗaya ta fuska uku kafin ya sake ta. Cannonball ya biyo baya da fara'arsa. Mutum uku, fili ɗaya, hali uku.

Miles ya ambata a tarihin rayuwarsa cewa ya ga wasan ƙungiyar raye-rayen ƙasar Gini, ya ji ɗan abin kiɗan nan mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da babban yatsa, kuma wannan sauti yana cikin abin da yake nema a faifan. Ya kuma ambaci waƙoƙin coci da ya ji yana yaro a Arkansas. A All Blues na fi jin wannan, inda kiɗan ke lilo a kan bugu shida, Cobb yana shafar fatar ganga da buroshi.

Akwai abin da ba na so ka manta idan sanyin faifan ya ɗauke ka. Kwana takwas bayan fitowarsa, ranar 25 ga Agusta 1959, Miles yana tsaye a ƙofar gidan rawar Birdland inda yake wasa, ɗan sanda ya ce ya bar wurin. Ya nuna cewa a nan yake aiki. Aka fasa masa kai da kulki, aka tafi da shi jini na zuba a rigarsa. A irin wannan Amurka baƙar fata biyar ko shida da farar fata ɗaya suka zauna suka yi kiɗan da har yau ake sayensa, wanda a 2019 aka tabbatar ya kai kwafi miliyan 5 a Amurka kaɗai.

A Love Supreme kuwa tushensa yana 1957. A farkon shekarar nan Miles ya sallami Coltrane saboda hiroyin da giya sun ci ƙarfinsa. Ya koma gida Philadelphia ya yaƙi abin har ya rabu da shi, ya yi watanni yana wasa da makaɗin fiyano Thelonious Monk, a 1958 ya dawo wurin Miles. A bayanin da ya rubuta da kansa a jikin faifan ya ce a 1957 ɗin ne, da rahamar Allah, ya sami farkawar zuciya, ya roƙi a ba shi ikon faranta wa mutane rai da kiɗa, kuma wannan faifai godiyarsa ce. Ya tsara shi a gidansa na Dix Hills a Long Island, ya ɗauke shi a dare ɗaya, 9 ga Disamba 1964, a ɗakin Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey. Kamfanin Impulse! ya fitar da shi a farkon 1965. Mutum huɗu ne kawai: shi, McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a bes, Elvin Jones a ganguna. Washegari ya gwada ƙara Archie Shepp a saksafon da Art Davis a bes, amma bai sa wannan a faifan ba.

Ga babban bambanci na farko. Kind of Blue kiɗa biyar ne da kowanne ke tsaye da ƙafarsa, kana iya ɗaukar Blue in Green kaɗai ka ji da dare ka kwanta. A Love Supreme abu ɗaya ne mai kashi huɗu, wajen minti 33, kuma sunayen kashin suna nuna tafiya: amincewa, ƙuduri, nema, sai zabura. Wanda ya tsallake ya fara daga tsakiya ya yi asara.

Yana buɗewa da dukan ƙaton farantin tagulla, Coltrane ya yi wata busa kamar mai shela, sai Garrison ya kafa sauti huɗu a bes yana maimaitawa. Waɗannan huɗun su ne gaɓoɓin sunan faifan. Coltrane zai yi nisa, ya hau ya sauka, can kusa da ƙarshe ya dawo kan sautin huɗun nan ya riƙa ɗaukarsu daga mataki zuwa mataki har ya zagaye dukkan matakan sauti 12, sannan ya cire saksafon daga baki ya fara furta kalmomin da muryarsa, a ƙasa-ƙasa, yana nanatawa. Ranar da na fara jin wurin nan tsigar jikina ta tashi. Yadda nake fahimtarsa, mutumin yana cewa duk inda ka juya, abin nan ɗaya za ka tarar.

Kashi na biyu da na uku su ne inda sababbin masu sauraro ke ja da baya, gara in gaya maka tun yanzu. Elvin Jones ba ya riƙe bugu a sarari yadda Cobb ke yi. Cobb kamar mai share hanya ne yana tafe a gefe. Jones yana narka bugu uku a cikin biyu, gangunansa suna tasowa ta ko'ina, kashi na uku ma da shi kaɗai yake farawa. Hannun hagun Tyner yana sauka da nauyi, inda na Evans yake taɓawa kamar mai gudun tada barci. Shi kansa Coltrane yakan kai saman saksafon har sautin ya tsage ya zama kuka. Kunnen da bai saba ba zai ce hayaniya ce. A ji na uku ko na huɗu za ka fara gane cewa ba wanda ya ɓace a cikinsu, kowa ya san inda bugun farko yake.

Kashi na huɗu shi ne dalilin da ya sa nake ganin Bahaushe yana da wata ƙofa ta shiga faifan nan da wasu ba su da ita. Coltrane ya rubuta wata addu'a da aka buga a cikin bangon faifan, kuma a wannan kashi yana karanta ta ne da saksafon, gaɓa da gaɓa, ba tare da ya furta kalma ba. Idan ka riƙe rubutun kana bi, za ka ji inda busar ke cewa godiya ga Allah, domin duk lokacin da jimlar ta dawo, sautin yana sauka iri ɗaya. Mu da muka taso muna jin kalangu yana kiran sunan mutum, kakaki yana faɗin kirarin sarki, ba baƙon abu ba ne a wurinmu kayan kiɗa su yi magana. Ba ina cewa daga nan ya ɗauko ba. Shi jikan limaman coci ne ta wajen uwa da uba, salon wa'azin cocin baƙar fata na kudancin Amurka ne a kunnensa. Amma Musulunci ma ba nesa da shi yake ba, matarsa ta farko Naima Musulma ce, Tyner kuma ya musulunta tun yana matashi. A rubutun nasa Allah yake ta ambata, bai jingina abin ga wani addini guda ba. Afirka kuwa tana ransa: abokin Babatunde Olatunji ne, makaɗin nan ɗan Najeriya, kuma ɗaya daga wasanninsa na ƙarshe a cibiyar Olatunji da ke Harlem ya yi shi, a Afrilun 1967, wata uku kafin ciwon hanta ya ɗauke shi yana da shekara 40.

To, wajen amfani na yau da kullum fa? Kind of Blue yana haƙuri da mai sauraro. Kana iya sa shi kana aiki, kana tuƙi, baƙi na hira, ba zai dame ka ba, ranar da ka ba shi hankalinka kuma ya biya ka. Wannan haƙurin nasa ne ma ya jawo wasu suka mayar da shi kiɗan ɗakin jira, abin da ke ba ni haushi, domin wanda bai taɓa zama ya bi Flamenco Sketches ba, inda kowane mai busa ke ratsa tsani biyar yana daɗewa a kan kowanne gwargwadon yadda ya ga dama, bai ji faifan ba tukuna. A Love Supreme ba ya yarda a yi masa haka. Ko ka zauna ka ba shi rabin awarsa, ko ya takura maka ka kashe.

Shawarata ka fara da na Miles. Ka ba shi mako biyu. A ji na farko bi ƙaho kawai. A na biyu bi bes, don shi ne zai koya maka ƙirga zagaye. Daga nan ka riƙa jiran shigowar Coltrane a kowane kiɗa, ka lura yadda yake kamar mutumin da ɗakin ya yi wa kaɗan. Mako biyu kacal bayan zaman Afrilu ya je ya ɗauki yawancin Giant Steps, faifansa mai sauye-sauye masu tsananin wuya, a 1960 kuma ya bar Miles. Idan kunnenka ya san muryarsa, sai ka nemi dare mai shiru, ka sa abin kunne mai kyau don lasifikar waya tana cinye bes ɗin Garrison gaba ɗaya, ka nemo rubutun addu'ar ka ajiye a gabanka.

In kuwa kana tambayar wanda na fi so ne, na Coltrane ne, ba na ɓoyewa. Na fi yawan sa na Miles, ninkin-ba-ninkin. Amma ranar da aka yi mini rasuwa, bayan an watse daga zaman makoki an bar ni ni kaɗai a ɗaki, kashi na huɗun nan na nema.