Littafin tarihi ko na tuna ƙuruciya?

A Katsina, masu karatu sukan sha bamban kan wanda ya fi dacewa a miƙa wa matashi, littafin tarihi ko wanda dattijo ya rubuta game da ƙuruciyarsa. Magoya bayan tarihi suna cewa shi ne ke bin sarauta tun daga Muhammadu Korau zuwa Ummarun Dallaje, ya bayyana matsayin tsohon masallacin Gobarau a fagen ilimi, sannan ya auna labarin baka da rubutacciyar hujja. Da gaskiyarsu, sai dai bushewarsa takan sa yaro ya ajiye shi. Na ƙuruciya kuwa yakan kawo wankin allo, zugen tawada da tashen azumi, kodayake tsufa kan ƙawata abin da ya wuce. Ni dai da na ƙuruciyar zan fara wa ɗan sakandare.