Hattara da masu tallar kwas ɗin walda da kanikanci na sati biyu

Jama'a salamu alaikum. Don Allah duk mai ƙani ko ɗa da ke neman sana'a ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Akwai wata talla da ke yawo a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wai cikin sati biyu za a koya maka walda ko gyaran mota ta hanyar amfani da kwamfuta, a ba ka satifiket ɗin da duk duniya ke karɓa, kuma su da kansu za su samo maka aiki a waje. Hotunan garejin da suke sawa ba nasu ba ne, a intanet suka kwaso. Da farko kuɗin fom ne, sai rajista, sai na kayan aikin da har abada ba za ka gan su ba, in suka ga kana biya ba gardama sai a gangaro kan biza da gwajin lafiya, daga nan lamba ta daina shiga. Wasu ma ba sa guduwa, bidiyo kawai za su riƙa turowa a guruf, ƙarshe a turo maka satifiket a waya a ce ka je ka buga.

Wallahi abin na ci min rai, don yaran da ake cuta ba ragwaye ba ne, sana'a suka fito nema. Walda a hannu take. Yadda za ka saita wuta kar ta huda ƙarfe kar kuma ta ƙi kamawa, tazarar sandar walda da ƙarfen, saurin jan hannu, bambancin sanda 6013 da 7018 wadda in ta sha danshi take ɓata aiki, duk sai ka ƙona sanduna ba adadi oga na tsaye a kanka. Shi 6G ɗin da masu tallar suke ta ambata, gwajin walda ne, bututu ake kafewa a karkace digiri 45, ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi da walda a gaban mai dubawa, sannan a yanka a lanƙwasa ko a haska shi da na'ura a ga ko akwai rami a ciki. A tsarin ISO 9606 ma, wato ƙa'idar gwajin masu walda ta ƙasa da ƙasa, duk wata 6 sai an sa hannu a satifiket ɗinka cewa kana kan aikin. To wa ya duba naka a WhatsApp? Kuma kamfanin kirki in zai ɗauke ka sai ya sake gwada hannunka.

Kanikanci ma haka. Na'urar OBD2, wadda ake jona wa mota don duba matsalarta, lamba kawai take nunawa. In ta ce P0300, inji na tsallake wuta ke nan, amma filogi ne, koyil ne, mai ne ba ya isa, ko iska ke shiga ta inda bai kamata ba? Wannan sai wanda ya daɗe a gindin mota.

Kafin ka biya ko sisi, je ka ga wurin da idonka a ranar aiki, ka ƙirga injinan walda ka ƙirga ɗalibai, in mutum 30 ne a kan inji ɗaya kallo za ka yi ba koyo ba. Ka tambayi hukumar da ke ba da satifiket ɗin ka tuntuɓe ta da kanka, ka nemi waɗanda suka gama a wurin ka ji inda suke aiki yanzu. Kar ka tura kuɗi a akawun ɗin mutum, fasfonka kuma kar ya bar hannunka ko sun ce yau za a rufe fom.