Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya: abin da mai neman gurbi zai tarar

An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato ne uban jami'a na farko, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 1975. Babbar harabar tana Samaru, shari'a da harkokin mulki suna Kongo, asibitin koyarwa yana Shika.

Ƙarfinta na gaske yana fannin noma. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ce ke fitar da irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA, ɗalibi kuwa da idonsa zai ga gonakin gwaji, layi-layi, kowanne da allon sunansa. Likitanci, injiniya da zane-zane ma ba a baya suke ba.

Wurin shiga ne ake yawan tuntuɓe. Ana buƙatar kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci, da lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai, sannan a ɗora sakamakon a shafin JAMB. Wanda ya manta wannan, ko makinsa ya kai, sunansa ba zai fito ba. Ɗakunan kwana, irin su Amina da Suleiman, sun yi wa jama'ar kaɗan, don haka a nemi gado da zarar an gama rajista.