Hayar lasifika a Agege: ƙara kam akwai, gurmi ne ba a ji ba

Shekara 11 ina kaɗa gurmi a bukukuwan Hausawan Legas, daga Idi-Araba har Alaba Rago, amma sai Asabar ɗin da ta wuce na ji muryata tana dawo mini kamar daga cikin rijiya.

Biki ne a Agege, a wani ɗakin taro mai rufin kwano kusa da layin dogo. Kayan sauti kuma uwar amarya ta ɗauko haya wajen wani bawan Allah da ba zan kama sunansa ba: lasifika manya biyu, mikisa (na'urar daidaita sauti), makirufo uku da janareta, naira dubu 45. Sun iso a kan lokaci, wanda a Legas ba ƙaramin abu ba ne.

Yabon ya tsaya nan. A bayanmu aka girke lasifikan, to duk abin da suka fitar makirufo zai ɗauka ya sake mayar musu, sai ka ji ƙiiii har yara na toshe kunne. Babu 'yar lasifikar nan da ake ajiye wa mawaƙi a gabansa don ya ji kansa. Mai kalangu na kusa da ni, amma sai na kalli hannunsa nake gane inda muke. Gurmi dama ba shi da babbar murya, ga surutun mata, ga kwano na maido da amo, ga janareta dab da taga tunda NEPA ta yi halinta. Makirufo marar waya kuwa batirinsa ya mutu ina tsakiyar yi wa dangin ango kirari, daidai lokacin da liƙi ya fara zuba. Wannan ta fi yi mini ciwo.

Yaron da mai kayan ya turo ne ya fitar da mu kunya. Na ce, "Samari, jawo lasifikan gaba, ka rage wannan dum-dum mai dukan ƙirji." Ya ce, "Baba, oga ya ce kar a taɓa." Na zuba masa ido, ya taɓa. Ya kuma ɗaure makirufo mai waya a jikin kujera, bai fi taƙi ɗaya da ƙoƙon gurmin ba. Sai a lokacin aka fara jin me nake kaɗawa.

In dije (DJ, mai saka waƙoƙi) za ka kawo, kayan sun ishe ka, har Pen Cinema za a jiyo. Mai kiɗan hannu kuwa ya riƙe batirinsa a aljihu, ya je da wuri a gwada kafin mutane su cika. Ni dai ran Litinin zan shiga kasuwar Alaba in yi cinikin 'yar lasifika tawa.